Maganar Da Ishaya Bai Ƙarasa Ba

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Gaisuwa mai tarin yawa a cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan takardar nan za ta same ki kin sauka Birnin Kebbi lafiya, ke da ƙanenki Ishaya. Allah ya tsare ku a hanya, ya ba direbanku hankali, ya rufe idon masu tare mutane. Ya kau muku da mugun ji da mugun gani, ya sa ki shiga aikin koyarwar nan da ƙafar dama. Amin.

Ina rubuta miki ne a gindin mangwaron tsakar gida, yanzu da kika fita yi wa matan zumunta sallama. Zan cusa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwan marigayiya mahaifiyarki, don kada ki gan ta sai kin isa kin huta. Da baki na so in yi miki maganar, amma kin san bakin ubanki. Shekarun da na yi a soja sun lalata shi. Ko gaisuwa na yi niyya, in na buɗe shi oda ce ke fitowa. Ki yi haƙuri da rubutun, idona ya fara gajiya.

Kin ce za ki tafi da Ishaya saboda makarantar can ta fi ta nan. Na ce to. Ni da ke duk mun san ba makaranta ba ce dalili. Yaron nan, yana shekara goma sha uku, ya daina magana da ni. Yana gaishe ni da safe, yana amsa aike, yana cin abin da aka ba shi, amma cikinsa ya rufe. Na taɓa ganin irin wannan shirun sau ɗaya a gidan nan, a wurin yayansa Dauda, kuma kin san inda ya kai mu. Abin da ke gabanki ke nan, Saratu. Ba buhun dawa da katifa kawai kika ɗauka daga gidana ba. Kin ɗauki ɗan da ya rage mini, wanda ni na kasa riƙewa. Don haka zan jero miki inda na yi kuskure, ko za ki kauce wa hanyar da na bi.

Bari in fara da abin da aka yi mini, don ki san ba rashin sani ne ya kai ni ba.

Lokacin da nake sa'ar Ishaya, muna zaune a ƙauyenmu na kan dutse, wajen Manga. A lokacin ba wanda yake noma gonarsa shi kaɗai. Gayya ake yi, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Kuma kafin yaro ya isa shiga golmo, wato noman da samarinmu ke yi wa iyayen yarinyar da za su aura, sai an koya masa riƙon garma. Yadda ake yi a ƙauyenmu shi ne, in an jeru a bakin gona, ba a barin yara su taru a gefe ɗaya. Kowane yaro sai an sa shi kusa da wani tsoho, kuma ba ubansa ba. Tsoho yana huɗa tasa kunyar gona, yaro yana huɗa ta kusa da shi, har a kai ƙarshen gona. Mu a ganinmu don kada mu yi wasa ne.

Ni tsohon da aka ba ni sunansa Baba Tanko. Ba danginmu ba ne, mutum ne mai ido ɗaya da ƙwaurin tsiya, ga warin taba. A shekarar nan an kayar da ni a kokawa a gaban jama'a, yaron da na girma ma, har 'yan mata suka sa ni a waƙa. Ubana kuwa ya daina kallona. Na ƙudura a raina zan gudu Kontagora, ba zan sake dawowa ba. Ban gaya wa kowa ba. Amma ranar nan muna huɗa, kaina a sunkuye, kansa a sunkuye, ban san yadda aka yi ba sai na ji bakina ya fara zuba. Na faɗi kayen, na faɗi waƙar, na faɗi ubana, na faɗi Kontagora. Baba Tanko bai ɗago ba ko sau ɗaya. Abin da yake cewa kawai da yarenmu shi ne, "Uhm. Sai kuma me?" In na yi shiru, shi ma ya yi shiru, garma ce kawai ke magana. Da muka kai ƙarshen gona cikina ya zama fayau. Ya miƙe ya miƙo mini ƙwaryar kunu ya ce, "Kontagora tana nan ba ta tafiya ko'ina. Ka bari a cire dawa tukuna." Shi ke nan. Ban je ba.

Sai da na girma na gane wani abu. Mutumin nan ya fi kowa saurin huɗa a ƙauyen, amma ranar nan tare muka kai bakin gona. Rage hannu ya yi don kada ya wuce ni. Ya san in ya yi gaba maganar za ta mutu.

To, ni da aka yi wa wannan, ga abin da na yi wa nawa.

Da na yi ritaya muka bar bariki muka dawo Zuru, ban bar barikin a can ba, na ɗauro shi a kaina. Kin tuna faretin Lahadi. Bayan an taso sujada an ci abinci, sai in fito da kujerata in zauna a nan inda nake zaune yanzu, in sa ku jeru a gabana, ke da Dauda da Ishaya yana ɗan mitsitsi, hannuwa a baya. In dube ku ɗaya bayan ɗaya cikin ido in ce, "Akwai mai matsala?" Ku haɗa baki ku ce, "Babu, sa." Sai in ce a watse. Har alfahari nake yi a wurin tsofaffin sojoji 'yan uwana in muna layin fansho, ina cewa ni duk mako nake sauraron 'ya'yana, kuma gidana ba matsala. Mahaifiyarku Ladi takan leƙo daga madafa ta ce, "Saja, wanga gida ne ko bariki? Ka tsare yaro da ido kamar ɓarawo, mi kake so shi ce maka?" Sai in ce mata ta koma kan tukunyarta. Ita kuwa duk abin da ke cikinku ta sani, don kuna gaya mata ne lokacin da kuke ɓarar gyaɗa tare, kowa idonsa a kan faifai.

Don haka ga shawarata ta fari. Kada ki taɓa kiran Ishaya ki ce zo nan zauna, gaya mini abin da ke damunka. Ba zai gaya miki ba, kuma kin rufe ƙofar ke nan har wani lokaci. Yaro mai irin shekarunsa ba ya magana da fuskar babba, da kafaɗarsa yake magana. Ki nemo aikin da za ku yi tare, wanki ne, tsintar wake ce, tafiya kasuwa ce a ƙasa. In ya fara, kada ki ɗago. Kada ki ajiye abin da ke hannunki don ki nuna masa kina saurare, wannan ma tsoro yake ba su. Ki ci gaba da aikinki, ki rage hannu. Haka za ki yi da 'yan ajinki. Wanda kika tsayar a gaban tebur zai ce miki babu, wanda kuke share allo tare shi zai faɗa.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi yi mini nauyi. Kina makarantar kwana lokacin, labarinsa kawai kika ji, kuma na san yadda aka ba ki shi an rage mini laifi.

A damunar wancan lokacin yara maza sun fara ɓacewa daga unguwarmu. Yau a ce ɗan wane bai kwana gida ba, jibi a ce ɗan wance. Daga baya a ji wai suna ramukan haƙar zinariya can cikin daji. Sai dattawan unguwa muka kira taro a majami'a, har maƙwabtanmu Musulmi muka gayyato, don su ma nasu suna tafiya. Ni ne shugaban taron, tunda ni ne mai babbar murya. Muka sa yara suka share wuri, suka jera bencina, suka kawo ruwa. Da suka gama muka ce su fita, manya za su yi magana. Ki duba fa, taro a kan yara, kuma abu na farko da muka yi shi ne korar yaran.

Muka yi ta zuba. Wannan ya ce lalaci ne, wancan ya ce waya ce ta ɓata su, wani ya ce iyaye mata ne suka sangarta su. Muna cikin haka sai na ji murya daga taga. Dauda ne, ashe bai tafi ba, yana tsaye a waje ya dafa ƙarfen taga. Ya ce, "Baba, mun san mai ɗaukarsu. Yana zuwa filin ƙwallo da babur, yana..."

Kowa ya juyo yana kallona. Abin da ya zo mini a rai ba maganar yaron ba ce. Abin da ya zo mini shi ne, ɗan Saja ya sa baki a maganar manya a gaban jama'a. Na fita na zagaya na same shi, na kwaɗa masa mari a gaban abokansa, na ce, "Wa ya tambaye ka?" Bai yi kuka ba. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yi haƙuri, sa." Na koma ciki, wani dattijo har ya ce mini madalla, haka ake tarbiyya. Muka tashi taro a kan za a yi azumi da addu'a, kuma duk yaron da aka kama yana yawo a yi masa bulala.

Daga ranar Dauda bai sake gaya mini komai ba sai "babu, sa". Kafin a cire dawa ya tafi. A bayan babur ɗin mutumin nan da ya so ya gaya mana aka gan shi.

Kin san sauran. Na bi ramuka har takalmana suka mutu. Wasu sun ce rami ya rufta da yara a wani wuri, ba a tono kowa ba. Wasu sun ce sun ga mai kama da shi a tasha a wani gari. Ban binne shi ba, ban kuma gan shi ba. Mahaifiyarku ta rasu tana kasa kunne duk lokacin da babur ya tsaya a ƙofar gida. Ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Saratu, za ki shiga tarurruka da yawa a aikin nan, na malamai, na iyaye, na majami'a. Za ki ji manya suna ta magana a kan yaran zamani kamar suna maganar fara da ta sauka a gona. Duk inda kika ga ana yanke hukunci a kan yara kuma ba yaro ko ɗaya a ɗakin, ki tashi ki ce a kira su. Za a ce ba ki da kunya, za a ce sabuwar malama ta cika rawar kai. Ki bari a faɗa. Su ne suke filin ƙwallo, su ne suke bayan aji, su suka san wanda ke zuwa da babur. Kuma in yaro ya yi magana a inda bai kamata ba, ki fara jin abin da ya faɗa. Ladabi ana iya koya masa gobe, in yana nan.

Na uku kuma ya shafi Malam Garba tela, mai shago a bakin hanyarmu. Kin san shi, mutumin Jega ne, ya fi shekarunki a garin nan. Yaran unguwa, namu da nasu, sun mai da shagonsa wurin zama. In an taso makaranta za ki gan su a kan benci, wani yana tsinke zare, wani yana sa maɓalli, shi kuma yana taka kekensa. Ni abin bai yi mini ba. Na ce me ɗan Kirista yake nema kullum a shagon Bahaushe? Na hana Dauda zuwa, har na je na yi wa Malam Garba magana da kakkausar murya. Mutumin bai yi fushi ba. Ya tsayar da keke ya ce, "Saja, wallahi ni ba ni tambayassu komi. Ɗunki nikai, su ko suna ta zuba. Amma yaron ga naka shina da magana cikinai. Ka bar shi shi riƙa zowa, ko kai ka samu lokaci ka ji ta." Na ce masa ɗana ba ya da wata magana da ban sani ba.

Bayan Dauda ya tafi, Malam Garba ya zo yi mana jaje. Da zai fita na raka shi ƙofa, ya tsaya ya ce, "Da shina zowa shago, da na ji ranad da za shi tahi. Dukkansu sai sun hwaɗi, ko da wasa." Bai faɗa don ya ƙona mini rai ba, hawaye ne a idonsa. Ashe Allah ya ba ɗana nasa Baba Tanko, ni na raba su da hannuna.

Kuma ba nan kaɗai na yi ɓarna ba. Ni ne na fara sayen famfon feshi a unguwarmu, na ce wa mutane gayya ɓata lokaci ce, a dafa abinci a tara jama'a don aikin da mutum ɗaya zai yi da maganin ciyawa. Gaskiya ce ta fannin aiki, ba na musu. Amma ban lura da cewa gonar nan ce kaɗai wurin da tsoho da yaro suke sunkuyawa tare ba. A majami'a ma ni na goyi bayan a raba, yara a wancan ɗaki, matasa a wancan, dattawa a gaba. Komai ya yi tsaf kamar fareti. Yanzu yaro zai girma a unguwar nan bai taɓa yin hira da tsohon da ba kakansa ba. Tsofaffin kuma suna zaune a gindin bishiya suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san abin da suka sani.

Don haka in kun zauna a can, ki nema wa Ishaya tsoho. Ke ba za ki isa ba, ke yayarsa ce, akwai abin da ba zai gaya miki ba don yana jin nauyinki, ko yana tsoron ya dawo kunnena. Ki duba cikin unguwa, makaniki ne, mai gyaran takalmi ne, tsohuwa mai suyar ƙosai ce. Wanda kika ga yara suna taruwa a wurinsa kuma hannunsa yana kan aiki. Ki binciki halinsa da kyau, wannan dole ne, don masu babur ma sun iya tara yara. In kin tabbatar mutumin kirki ne, kada ki tsaya tambayar inda yake sujada. Ki gaishe shi, ki kai masa ɗan abin da kika dafa, ki bar yaron ya riƙa zuwa.

Kada ki ce ban yi ƙoƙarin gyarawa ba. Na yi, sai dai a makare. Bara na bi gida-gida na ce mu tayar da gayya ko ta yini ɗaya ce, a gonar gwauruwar nan ta bayan rafi, tunda gonakin nesa yanzu ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga. Na ce kowa ya zo da ɗansa ko jikansa. Tsofaffi suka zo, wasu da sanda. Yara ma sun zo, ba laifi, har da Ishaya. Na jera su kamar yadda aka jera mu, yaro kusa da tsoho. Zuciyata har ta fara sanyi. Ba a yi nisa ba sai na ji wani dattijo ya miƙe yana cewa, "Dubi riƙon fartanya! Mu a shekarunku mun noma gonar surukai tun daga nan har gindin dutse." Wani ya karɓa, wani ya ƙara. Tsofaffin nan da ƙyar suke tafiya, amma ranar nan kowa so yake ya nuna wa yaro shi gwani ne, suka yi gaba suka bar yaran a baya. Kafin rana ta take, yaran sun koma gindin ɗorawa sun haɗa kai a kan waya ɗaya, mu kuma muna wancan gefe muna zaginsu. Na duba cikinmu ko akwai mai rage hannu, ban ga ko ɗaya ba. Baba Tanko da irinsa sun tafi, mu da suka bari ba mu koyi komai ba sai noman. A ranar na san abin nan ya mutu a unguwarmu, kuma mu muka kashe shi.

Sai kuma abin da ya faru watan jiya, wanda ya sa kika ce za ki ɗauke shi. Na shiga rumbu zan ɗebi dawa na tarar da tocilan goshi da takalmin roba an ɓoye a cikin buhu, irin waɗanda masu shiga rami suke amfani da su. Na zauna a ƙasa ina kallonsu. Kin san me na yi bayan duk abin da na gaya miki a sama? Na fito da kujera. Na kira shi na tsayar da shi a gabana, hannuwa a baya, na dube shi cikin ido na ce, "Na wane ne?" Ya ce, "Na abokina ne, sa." Na ce wane abokin? Ya ƙi faɗa. Ban doke shi ba, wannan kaɗai zan iya cewa. Amma fuskar da na gani ta Dauda ce a bakin taga. Tun da mahaifiyarsa ta rasu ba wanda ya ɓari gyaɗa da yaron nan. Ban san wa yake gaya wa cikinsa ba, ban san ko mai babur ya riga ya yi masa magana ba, ban san ranar da suka sa ba in sun sa. Ina kwana gida ɗaya da shi ban san komai ba.

Kada ki ɗauka nisa zai warkar da shi. Ramuka suna ko'ina, masu babur ma haka. In bai samu inda zai sauke abin da ke cikinsa ba, daga Birnin Kebbin ma zai tafi, kuma a can ba ki san dajin da za ki bi ba. Kada ki yi masa gorin ci da sha. Kada ki ce masa dubi abin da ya samu Dauda, ya fi ki sani, shi ne yake kwana a kan tabarmarsa. In ya ambaci sunan yayansa, ki bar shi ya ambata. Ni na hana a kira sunan a gidan nan don ba na iya ji, ban tuna cewa shi ma ɗan'uwansa ya rasa ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ɗauki biro yau.

Ɗazu da hantsi, kina ciki kina haɗa kwanuka, ni da Ishaya muna ɗaure kayanku a ƙofar gida. Mun naɗe katifa mun ɗora a kan buhun dawa, na zagaya igiya, na ba shi baki ɗaya na riƙe ɗaya. Ni a sunkuye, shi a sunkuye, ba mai kallon wani. Rabon da mu yi aiki kafaɗa da kafaɗa haka har na manta. Sai na ji ya yi gyaran murya, a hankali ya ce, "Baba, da ma..."

"Baba" ya kira ni, Saratu. Bai ce "sa" ba.

Ni kuwa igiyar tana zamewa a hannuna, sai bakin nan nawa ya riga ni. Na ce, "Ja igiyar tukuna."

Ya ja. Muka ɗaure, na ƙulle ta tamau. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na miƙe tsaye da sauri, na juyo na fuskance shi, na dube shi cikin ido na ce, "To, ina jin ka. Mene ne?" Kin ga ko a nan ma na sake yin abin da na ce miki kada ki yi. Ya mai da hannuwansa baya ya ce, "Ba komai, sa." Ya ɗauki buhun ya kai zaure.

Na kwance wani ƙullin da gangan na ce bai ɗauru ba, ya zo mu sake. Ya zo, muka sake, na yi ta jan lokaci kaina a ƙasa. Maganar ta koma inda ta fito.

Ban san me ya so ya faɗa ba. Ko sunan abokin ne, ko ba ya son tafiyar ne, ko wani abu ya sani game da Dauda wanda ya riƙe duk shekarun nan. Ko kuwa sallama ce kawai ya so ya yi wa ubansa. Gobe da safe mota za ta ɗauke shi, ni kuma zan zauna da rabin maganar nan har ranar da Allah zai kira ni, don ba na jin zan sake samun wata.

Ita na ba ki amana. Tana cikinsa, ya taho miki da ita. Kada ki tambaye shi, kada ki ce Baba ya ce. Wata rana kuna wanki ko kuna tsintar shinkafa za ki ji ya ce, "Yaya, da ma..." Duk abin da ke hannunki, ko tukunya ce take ƙonewa, ki bar ta ta ƙone. Kada ki ɗago. Ki ce masa, "Uhm, sai kuma me?" In ya gama, ba sai kin gaya mini ba in bai yarda ba. Ni na zubar da rabona. Ya ishe ni in ji cewa wani ya ji ta har ƙarshe.

Allah ya kiyaye fitarku da shigarku. Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, ya ba ki haƙurin da bai ba ni ba. Ya tsare mini Ishaya. In Dauda yana raye a wani wuri, Allah ya sa akwai tsohon da yake sunkuye kusa da shi. Amin.

Igiyar da muka ɗaure katifar, in kun isa kada ki sa wuƙa. Ki kira shi ku kwance ta tare, na ƙulle ta da ƙarfi, za ta ɗauke ku lokaci.

Ni ne mahaifinki,
Saja.